Katanga Ba Ta Tare Takalmi

Ƙannena masu kiwon karnuka a Fagge da Sabon Gari, na daɗe ina kallonku na ja bakina na tsuke. Ina ganin hotunanku a Facebook da WhatsApp, kowa ya tsuguna gefen wani basamuden kare, wannan ya ce nasa alsheshan ne, wancan ya ce rotwaila, wani kuma boyabul ko kokeshiyan mai gashi buzu-buzu. Ban ga laifinku ba. Masu gidaje da masu sito suna neman karen gadi, kuma kwikwiyo ɗaya mai kyan asali kan fi albashin wata na wani ma'aikacin. Saurayin da ya ce ta nan zai nemi abincinsa ya fi mai zaman kashe wando a bakin titi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ya sami ɗan wani aminina.

Yaron shago ne a Kantin Kwari. Shekara biyu yana zubin adashi kafin ya sayi karya alsheshan, ya rene ta, ya biya kuɗin barbara, ta haifa masa bakwai. Katangar gidansu doguwa ce, an jera mata fasassun kwalabe, ƙofar ta ƙarfe ce, kejin ma an dama siminti an shafe ƙasansa. Har ya gama lissafi, ya san babur ɗin da zai saya. Ana cikin mako na bakwai sai ɗaya ya ƙi cin abinci. Kashegari amai. Da dare gudawa mai jini, mai wani irin ƙarni da duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Kafin mako ya zagayo biyar sun mutu. Ya zo wurina idonsa jajir, ya ce, "Baba, wallahi ko dai hannu aka sa mini, ko guba aka jefo ta katanga. Ko kare ɗaya bai taɓa shigowa gidan nan ba."

Gaskiya ya faɗa, kare bai shigo ba. Amma likitan dabbobin da muka ɗauko ko kallon katangar bai yi ba. Ya tambaye shi inda yake samo musu nama, ya ce mayanka, kullum da sassafe. Da wane takalmi yake zuwa? Ya dubi ƙafarsa. Mutum nawa suka zo taya 'yan kwikwiyon, suka ɗauka suka jujjuya? Ya fara ƙirge ya rasa iyaka. Allura fa? Ya ce an gaya masa sai sun cika wata uku. Likita ya rufe jakarsa ya ce fabo ce, kuma da ƙafarka ka kawo ta.

Kafin mu shiga cututtukan, ku fara gane wanda kuke zaune da shi. Karen layin nan da kuke rainawa, mai ƙashin haƙarƙari a waje da yagaggen kunne, gwarzo ne. Yawancin 'yan'uwan da aka haife su tare a ƙarƙashin wata tsohuwar mota sun mutu tun ba su yi wata uku ba. Shi da kuke gani ya sha cuta iri-iri ya tashi, wata ta bar shi, wata tana jikinsa yana yawo da ita ba ta kwantar da shi ba. Naka kuwa, galibi kakanninsa a ƙasar sanyi aka tsara su, an yi ta haɗa dangi da dangi don kunne ya tsaya ko ƙirji ya buɗe. Girman jiki da kaurin murya ba su ne ƙarfin jini ba. Karen da ka saya da tsada shi ne mafi rauni a duk unguwarku.

Kuma Fagge ba wurin da za a rasa karen layi ba ne, domin duk inda abinci ya zube kare zai zo. Ga mayanka da jini da tumbi da ƙasusuwan da ake zubarwa. Ga kasuwar Abubakar Rimi, ga Singa, ga 'Yan Kura, ga gidajen abinci da tashoshin manyan motoci a Sabon Gari waɗanda ba sa barci. Ga Jakara ta ratso tana ɗauke da duk abin da gari ya zubar. Wanda ya taɓa fitowa da ƙarfe uku na dare ya san cewa idan mutane suka kwanta, wata al'umma ce ke karɓar gari. Da asuba su koma maɓoyarsu, su bar kashinsu da fitsarinsu da kaskarsu a kan hanyar da za ka bi.

Fabo ta kashi take yaɗuwa, kuma ɗan abin da ya maƙale a tsagar takalmi, wanda ido ba ya gani, ya isa. Cutar ba tsohuwa ba ce, a 1978 aka fara gane ta, amma cikin shekara biyu ta zagaye duniya, saboda ƙwayarta tana da taurin kai. Takan yi watanni a ƙasa, a inuwa mai danshi har ta shekara. Idan ta shiga jikin kwikwiyo sai ta nufi bangon hanji ta saɓule shi, ta taɓa ɓargo inda ake ƙera sojojin jini, shi ya sa kake ganin jini a gudawa kuma jiki ya kasa kare kansa. Ta fi kama masu mako shida zuwa wata shida, kuma rotwaila da alsheshan suna cikin waɗanda ta fi yi wa illa. Babu allurar da ke kashe ta bayan ta kama. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa, tsayar da amai, da tare wasu ƙwayoyin da ke bin raunin hanji su shiga jini, har jiki ya yi nasa yaƙin. Wanda aka kai da wuri yakan tashi. Wanda aka tsaya ɗura wa kafso daga kemis da ruwan gishiri na kwana biyu, galibi rami ake haƙa masa.

Ruwan wanke-wanken nan masu ƙamshi da ke mayar da ruwa fari kamar madara ba sa kashe ta. Bilic ne maganinta, irin su Hypo ko Jik: awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, bayan ka kwashe kashin ka wanke da sabulu, sannan ka bar shi ya yi minti goma kafin ka ɗauraye. A kan siminti ke nan. Turɓayar tsakar gida ba ta wankuwa, shi ya sa gidan da fabo ta shiga bai kamata a kawo masa sabon kwikwiyo marar cikakkiyar allura ba sai an daɗe.

A kan allurar nan ake yawan yaudarar ku. Kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, nonon farko na kwana ɗaya zuwa biyu, in ita uwar an yi mata rigakafi. Wannan kariyar tana raguwa a hankali, kuma akwai wasu makonni da ta yi ƙarancin da ba za ta tare cuta ba, amma ta yi yawan da za ta iya lalata allurar da aka yi. Ba wanda ya san ranar da wannan taga ke buɗewa a jikin kowane kwikwiyo. Dalilin ke nan da ya sa ba a yin allura ɗaya a ce an gama: ana farawa a mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Kafin nan ba ya fita yawo, ba a kai shi gidan aboki a yi hoto. Sannan ita allurar sanyi take so, tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar da ta kwana uku a firjin da ba wuta, ko ta yini a aljihun wani a zafin watan Afrilu na Kano, ruwa ce kawai. Araha ba ta ado. Ka je wurin likitan dabbobi na gaskiya, ga asibitin dabbobi a Gwale, ga masu zaman kansu, ka ga an ciro kwalbar daga sanyi da idonka, a ɓare takardar jikinta a manna a katinka, a rubuta kwanan wata a sa hannu. Wanda zai sayar maka da kwikwiyo ya ce "an yi masa komai" ba kati, to ka ɗauka ba a yi masa komai ba.

Allurar da ke tare fabo galibi a haɗe take da ta distemfa, 'yar'uwar ƙyanda, wadda ita iska ke ɗaukar ta daga tari da atishawa, don haka karnuka biyu da suka shinshini juna ta ƙarƙashin ƙofa sun gama. Kwantsa, majina, tari, daga baya tafin ƙafa ya yi tauri, jiki ya riƙa fizga kamar mai farfaɗiya. Kada ka ce karenka ƙato ne: a 1994 wannan cuta ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan dajin Serengeti a Tanzaniya, kuma karnukan ƙauyukan gefen dajin aka fi zargi da kai musu ita.

Yanzu mu zo inda kuɗin yake, wato barbara. Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku. A kwanakin nan ƙamshinta yana tafiya nesa, za ka wayi gari ka ga karnukan da ba ka taɓa gani ba sun yi sansani a ƙofar gidanku, maƙwabta suna tsine maka saboda haushi da faɗa. Katangar da ka rantse kare ba ya haurawa, a makon nan za ka ga an haura ta, ta kan tulin bulo ko rufin banɗaki. Ita ma karyar, wadda ba ta taɓa saɓa maka ba, hanyar fita take nema, ƙiftawar ido ƙaninka ya bar ƙofa a buɗe ta wuce. Kejin da za ta zauna a wannan lokaci sai mai rufi da sakata, kuma ko an kai ta barbarar da ka biya, ba a sake ta sai lokacin ya wuce gaba ɗaya, domin ciki ɗaya yana iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu ko uku. In kuma ka tarar sun riga sun harɗe, kada ka doke su ko ka ja su da ƙarfi kamar yadda muka riƙa yi muna yara, Allah Ya yafe mana. Rauni kawai za ka ji musu, aikin gama ya gama.

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku cewa in karen layi ya hau karya sau ɗaya, jininta ya ɓaci har abada, duk abin da za ta haifa nan gaba gauraye ne. Wannan ba gaskiya ba ne. Cikin da aka yi ne kawai ya gauraya, na gaba na uban da ya yi shi ne. Na ga wanda ya yi gwanjon karya lafiyayya saboda wannan camfi. Abin tsoron na gaske daban yake, ciwo ne iri biyu da ke bin barbara, kuma ba a maganarsu.

Na farko wani tsiro ne ja, mai gurji-gurji, mai saurin zub da jini, da ke fitowa a al'aurar kare ko karya. Likitoci suna taƙaita sunansa da TVT. Alamar farko ɗigon jini ne da ba ya tsayawa, har mai karya ya ɗauka neman namiji take yi ya sake kai ta barbara, ya raba wa wani. Abin mamaki game da shi, ciwon daji ne, amma mai yaɗuwa: ƙwayoyin tsiron da kansu ne ke ɓallewa daga jikin wannan su dasu a jikin wancan, kamar yadda ake dasa reshe. Tun 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna ana iya ɗaukar sa daga kare zuwa kare. Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun bi asalinsa suka gano cewa duk tsiron da ke jikin karnukan duniya daga jikin kare ɗaya ya fito, wanda ya rayu shekaru dubbai da suka wuce. Wato wani yanki na jikin wancan karen bai mutu ba har yau, yana nan yana yawo a lungunan Sabon Gari. Yakan fito a hanci ko baki ma, saboda shinshina da lasa. Sa'ar da aka yi yana jin magani: allura ce ta jijiya, mako-mako, kamar sau huɗu zuwa shida. Amma aikin likita ne, domin in ta zuba a gefen jijiya takan cinye naman wurin.

Na biyun shi ne wanda ke rufe sana'a, kuma shiru yake zuwa. Makiyaya sun san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari. Karnuka suna da nasu irin, burusela, wanda aka fara ganewa a Amurka a 1966, lokacin da ɓari ya yi yawa a gidajen kiwon karnuka. Cikin karya kwana 63 ne. Mai wannan ciwo za ta ɗauki ciki lafiya, ka gama murna, sai wajen kwana 45 zuwa 55 ta zubar, ko ta haife su a mace, ko kuma a yi ta barbara ba ta ɗauka. Namiji kuwa marainansa su kumbura, daga baya su motse, ya daina ba da ciki. Tsakanin haka duk suna cin abinci suna wasa, ba ka ganin komai. Ruwan da ke fita daga karyar da ta yi ɓari cike yake da ƙwayar har tsawon makonni, kuma tana fita a maniyyi da fitsarin namiji. Ba shi da rigakafi, kuma magani ba ya tabbatar da ya fita daga jiki, shi ya sa shawarar likitoci ita ce a cire karen da ya kamu daga kiwo ɗungurungum. Yana kama mutum ma, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda za a yi ta yi wa maganin maleriya da taifot. Don haka abin ɓari da mahaifa ba a taɓa su da hannu tsirara: safar hannu, leda, rami mai zurfi.

A nan zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. A wajen waɗannan cututtuka biyu, karen layi ba shi ne babban haɗarinku ba. Karen barbarar nan ne mai suna, wanda kowa ke layi a kansa, wanda ya hau karya ashirin a bana, kuma maigidansa yana kwance shi da dare ya zaga unguwa wai ya miƙe ƙafa. Shi ne gadar da ke tsakanin bola da kejinka, kuma kai ne ka biya kuɗin hayewa. In kai ne mai namijin, duk karyar da aka kawo maka da kuɗi a hannu ba ka tambayi komai ba, ka sayar da lafiyar karenka a kan kuɗin barbara ɗaya. Kafin a haɗa su, likita ya duba al'aurar duka biyun, a ga katin kowa, in da hali a gwada jini. Ka tambayi mai karya ko ta taɓa ɓari. Wanda ya ji haushin tambaya, ka bar shi ya tafi da kuɗinsa. Haka sabon karen da ka sayo, ko taka da ta dawo daga gidan wani: keɓe ta aƙalla mako biyu, da kwanonta daban, kuma ita ce ta ƙarshe da za ka yi wa hidima kowace rana.

Kaska, raɓi mai jini, ita ba ta neman izinin kowa. Irin da ke bin karnuka a gida take zama, a tsagar bango da ƙarƙashin katakon keji, uwa ɗaya ta zuba ƙwai dubbai, kuma tana hawa katanga ta sauka ta ɗaya gefen. Ba jinin da take sha ne abin damuwa ba, abin da take zubawa ne: wani ciwon yana farfasa jini har dasashi ya yi fari fat, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, wani kuma ya sa haɓo. Wannan na biyun ya kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam, akasarinsu alsheshan. Ka riƙa ɗaga leɓen karenka kana duba launin dasashi, ka duba kunne da tsakanin yatsu. Magani a jikin kare kaɗai ba ya isa, sai an bi bango an toshe tsaga. Kuma don Allah ku daina yi wa kare wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Kaskar za ta mutu, karen ma haka.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Ƙazuwa tana bin goga jiki da tsumman kwanciya. Ruwan kwata da fitsarin ɓera suna kawo ciwon da ke lalata ƙoda da hanta, ya sa ido ya yi rawaya, ya sa ɓari. Ɗanyen huhu da hanta daga mayanka, musamman masu ƙullutun ruwa, suna sa wa kare wata tsutsa wadda ƙwanta ke fita a kashinsa ya koma jikin mutum. Dafa naman ya raba ka da wannan.

Na bar haukan kare a ƙarshe domin duk abin da na lissafa asarar dukiya ce, wannan kuwa gawa ce a gidanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana cikin yawu, ta shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da alama ta bayyana, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, babu asibitin da zai iya komai.

Ka lura da yadda take shigowa gidan mai kiwo. Karenka ya yi faɗa da wani ta ƙarƙashin ƙofa, ɗan ƙwarzane a hanci, ka shafa masa shuɗin magani ka manta. Bayan makonni ya canza hali. Kuma ba kowane ne ke hauka yana cizon duk abin da ya gani ba. Wani shiru zai yi, ya nemi lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin yana lalube. Kada ka taɓa yin haka. Kulle shi, kira likita.

Allurar haukan kare ana yin ta yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma a ƙasar nan ma ana sarrafa ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924. Kuɗinta bai kai abincin da ƙaton karenka ke ci a mako ba. In kuwa an ciji mutum, ko karen waye, ko ƙwarzane ne: sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cif, ka duba agogo, domin ya fi tsawo fiye da yadda kake zato. Sannan asibiti a ranar, ga Asibitin Zana a France Road, ga na Murtala a cikin gari, a fara allurai a kuma cika su. Ba gashin karen da aka ƙona, ba toka, ba jiran a ga abin da hali zai yi. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, da irin wannan allura, abin kunya ne a ce har yau yaro yana mutuwa da wannan ciwo a Kano. Karen da ya yi cizon a tsare shi kwana goma ana kallo. In ya mutu ko an kashe shi, kada a jefa shi a Jakara, kada kuma a sayar wa masu tara karnuka suna lodi zuwa kasuwar Dawaki ta Filato. Likitan dabbobi zai aika da kan a gwada ƙwaƙwalwar.

Na san akwai mai cewa ina ruwan ɗan Musulmi da kiwon kare tun farko. Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure. An yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma masu sharhin Risala suna kawo labarin mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Maganar cin kuɗin kare kuwa malamai sun yi saɓani a kanta, kowa ya je ya tambayi nasa. Abin da ban taɓa jin an yi saɓani a kansa ba shi ne haƙƙin dabbar da ka tsare, da haƙƙin maƙwabcin da karenka zai iya cizon ɗansa.

Wannan haƙƙin ya kai har kan na layin. Duk lokacin da aka yi asara irin ta ɗan aminina, sai wani ya ce a zuba guba a nama a watsa a bola. Ban da alhaki, ban da kajin mutane da kuliyoyi da yaran da ke tsince-tsince a wurin, ba ya ma aiki. Muddin abincin yana nan, wasu karnukan za su zo daga wata unguwa su cike gurbin, da sababbin cututtukansu. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne allura: in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, haukan kare ya rasa hanyar bi. Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi gangamin allura a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɗauke tsawon watanni, sai da aka shigo da karnuka daga wajen gari ta dawo. Meziko kuwa ta dage shekara da shekaru har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare.

Yawancin karnukan da muke kira na layi ma suna da mai su: na mai gadin kasuwa, na bakanike, na mafarauci, na mai gidan abincin da ke zuba masa saura. Ku kun san su, kun san inda suke kwana, kuma ku ne kuka iya riƙe kare ba tare da tsoro ba. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Ku da kuke da zauren WhatsApp na cinikin 'yan kwikwiyo, me zai hana ku haɗa kuɗi, ku je wurin mai unguwa da shugabannin al'ummomin Sabon Gari, ku ɗauko likita, a yi wa na bakanike da na mai gadi allura a rana ɗaya? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ɗan aminina bai bar sana'ar ba. Biyun da suka rayu ya sayar da ɗaya, ya biya bashin magani, babur kuwa sai wani jiƙon. Ya bar kejin fanko ya daɗe, ya zuba siminti a sauran tsakar gidan. Kwanan baya karyar ta sake haihuwa, na je yi masa barka. Na tarar da wata tsohuwar roba a bakin ƙofa da ruwa mai warin bilic, ga silifa biyu a gefe. Ya sha gabana yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai dai ka cire takalmin ka sa wannan. Kuma daga nan za ka leƙa su, ba a ɗauka." Na girmi ubansa da shekara biyu. Na cire, na sa silifan, na leƙa ta waya: shida ne, duk sun duƙufa a kan nono.